Baki Muke Gwadawa Ko Aiki? Yadda Ake Ɗaukar Ma'aikata a Zariya

Zariya tana yaye masu ilimi fiye da waɗanda za ta iya ba wa aiki. Tun 1962 Jami'ar Ahmadu Bello take fitar da ɗalibai daga Samaru da Kongo, ga Kwalejin Nuhu Bamalli, ga makarantar horar da malamai ta tarayya, ga ta koyon tuƙin jirgin sama, ga makarantun kiwon lafiya da ke jingine da asibitin koyarwa. Kowace shekara dubbai ke karɓar kwali. Wasu su koma garuruwansu, wasu su nufi Kaduna da Kano da Abuja, amma da yawa nan suke tsayawa, musamman 'yan gida. Su ne za ka tarar da hantsi a shagunan buga takardu na bakin ƙofar jami'a, kowa da ambulan a hammata.

Maganganu biyu ne suka fi yawo a kan wannan batu. Matashi ya ce babu aiki. Mai makaranta, ko mai kantin magani, ko manajan kamfanin iri ya ce babu ma'aikata, ya nema har ya gaji. Ni ban ga maƙaryaci a cikinsu ba. Guraben sun yi kaɗan, babu musu. Amma 'yan kaɗan ɗin da ake da su ma, hanyar da muke bi wajen cike su ba ta kai mu ga wanda ya iya aikin. Mukan zaunar da mutum a gaban tebur mu gwada bakinsa, sannan mu zo muna salati idan hannunsa ya ba mu kunya.

Bari in fara kawar da aikin gwamnati gefe, domin shi ke cinye hirar kowace majalisa alhali ba shi ke ɗaukar mafi yawan mutane ba. Wanda ya yi wayo a 2014 ba zai manta da ranar 15 ga Maris ba, lokacin da Hukumar Shige da Fice ta tara masu neman aiki a filayen wasa na ƙasar nan. Mutum sama da 500,000 suka nema a kan guraben da ba su kai 5,000 ba, an karɓi naira 1,000 a hannun kowa, turmutsutsu kuma ya yi ajalin aƙalla mutum 16. Bayan nan hukumomi da dama suka koma cike fom ta intanet da jarrabawar kwamfuta, abin da ya rage asarar rai amma bai rage zargi ba. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya saurari mutanen da suka ce sun biya kuɗi masu kauri domin a ba su takardar kama aiki, zargin kuma ya taɓa har Hukumar Daidaita Rabon Muƙamai, wadda aka kafa domin ta hana irin wannan. Saboda haka idan yaro a Tudun Wada ya ce maka mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, kada ka ce masa raggo. Ya ga abin da ya gani. Shawarata a nan gajera ce: a cike fom duk lokacin da aka buɗe, ta shafin hukumar na ainihi, kada a ba kowa ko sisi, kuma kada a jingine rayuwa ana jiran fitowar suna. Na san gidajen da aka sayar da fili ko aka cire 'yan kunnen uwa domin sayen gurbin da bai taɓa wanzuwa ba.

Alƙaluman gwamnati ma ba za su haska maka komai ba a nan. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020, sai ga shi a farkon 2023 ya dawo kashi 4.1. Ba ayyuka aka samar ba, ma'auni aka sauya: yanzu wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako domin samun kuɗi ana lissafa shi cikin masu aiki. Mai digirin da ke zaman rumfar POS ta yayansa da yamma, a takarda, ya sami aiki.

Inda maganata ta fi ƙarfi shi ne wuraren da a zahiri suke ɗaukar yaranmu: makarantu masu zaman kansu da suka cika Samaru da Hanwa da Gyallesu da Sabon Gari, ƙananan asibitoci da ɗakunan gwaji, kantunan magani, kamfanonin iri da na taki da na abincin kaji, gidajen mai, bankunan ƙananan 'yan kasuwa, ƙungiyoyin agaji masu neman masu tattara bayanai a ƙauyuka. A nan babu sanata, babu minista. Mai wurin ne da kansa yake zaɓe, kuɗinsa ne kuma ke ƙonewa idan ya zaɓi wanda bai dace ba. Duk da haka sai ka ga ya kwaikwayi mafi raunin abin da manyan ofisoshi ke yi.

Na zauna a irin waɗannan kwamitoci, kuma kusan salo ɗaya ne. Mutum uku ko huɗu a bayan tebur. Yaro ya yi sallama ya shigo cikin aron kwat, zufa na keto masa. Tambayar farko da Turanci: ba mu labarin kanka. Ta biyu: me zai sa mu ɗauke ka mu bar sauran? Ta uku: ina kake hangen kanka nan da shekara biyar? Ba mu muka ƙago waɗannan tambayoyi ba, kwaso su muka yi, kuma sau da yawa mai tambayar bai san amsar da yake jira ba. Wani yaro ya taɓa amsa ta ukun da cewa, "Ranka ya daɗe, wannan sai abin da Allah ya yi." Aka yi dariya, aka rage masa maki wai ba shi da buri. Da ɗan cikin ɗayansu ne ya ba da wannan amsa a gida, cewa zai yi Allah ya yi masa albarka.

A nan gizo ke saƙar. Tun yaro na tatata muke koya masa cewa yabon kai jahilci ne, kada ya ƙura wa babba ido, kada muryarsa ta hau ta na gaba da shi, in an yaba masa ya sunkuyar da kai. Ya yi shekara ashirin da ɗoriya a kan wannan tarbiyya, rana ɗaya sai mu ce ya shigo ɗaki ya dubi sa'o'in mahaifinsa ido cikin ido ya kambama kansa har kwata ɗin awa. Wanda ya kasa, mu ce ba shi da ƙwarin gwiwa. Wanda zai ci wannan gasa an san shi tun kafin a fara: ko dai ɗan gidan da ake hira da Turanci tun yana ƙarami, ko kuma mai zaƙin baki wanda ba ya jin nauyin kowa. Akwai ƙwararru a cikin waɗannan, ban ce babu ba. Amma ba ƙwarewarsu muka auna ba. Mun auna gidan da suka fito da sakin bakinsu, sai muka sa wa abin suna cancanta.

Mace kuwa nata ya ninka. Kafin a tambaye ta abin da ta karanta an tambaye ta ko tana da aure, ko maigida zai bar ta, ko tana da goyo, wani ma har ya yi ƙarfin halin tambayar yaushe za ta sake haihuwa. Na fahimci tsoron mai makarantar da malama ta taɓa barinsa a tsakiyar zango. Sai dai maganin wannan shi ne ya faɗi lokacin shiga da na tashi da ranakun aiki dalla-dalla, ya tambayi kowa, mace da namiji, ko zai iya. Namijin da zai gudu ranar da sunansa ya fito a kwastan ai ba a tambayarsa komai, kuma irinsa sun fi yawa.

Masu nazarin halayyar ma'aikata sun daɗe da auna waɗannan hanyoyi. A 1998 wasu masana biyu a Amurka, Frank Schmidt da John Hunter, suka tattara binciken shekara 85 a kan hanyoyin zaɓen ma'aikata, domin su ga wacce ta fi nuna yadda mutum zai yi aiki bayan an ɗauke shi. Gwajin aiki na zahiri da ganawa mai tsari suka fito cikin na gaba-gaba, hirar kara-zube ta biyo baya, yawan shekarun da mutum ya yi a makaranta kuwa ya zo can ƙasa. A 2022 Paul Sackett da abokan aikinsa suka sake bin lissafin, suka rage wa wasu hanyoyin maki, ganawa mai tsari ta zama ta farko. Abin da ake nufi da mai tsari ba wani abu ne mai wuya ba: tambayoyin su fito daga cikin aikin, a yi wa kowa iri ɗaya, a kuma yanke yadda za a ba da maki tun kafin mutum na farko ya shigo.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mun riga su sanin wannan. Shiga cikin birni wajen masu ɗinkin hannu na babbar riga, ka ce kana da yaron da ya iya. Babu mai tambayarsa burinsa na shekara biyar. Za a miƙa masa ƙyalle da allura da zare a ce zauna. Kafin la'asar an san matsayinsa, ko da bai ce uffan ba. Jikan wannan maɗinki ne ya buɗe makarantar boko, ya sa kujera mai juyawa, ya manta da abin da kakansa ya sani.

In malami kake nema, ba shi alli da aji na minti 20, ka zauna a baya ka ga ko yaran sun gane. In akanta ne, ba shi shafin littafin ciniki da ka dasa kurakurai uku a ciki. In sakatare ne, ga kwamfuta, ya rubuta wasiƙar neman afuwa ga abokin cinikin da aka ɓata wa rai. In wanda zai tallata iri ne a Giwa da Soba da Maƙarfi, kira mai gadinka in manomi ne, a yi masa bayanin tazarar shukar masara da lokacin zuba taki, sannan ka tambaye shi ko ya gamsu. Sai kuma sharaɗi ɗaya da na ga yana da wuyar karɓuwa a wajenmu: kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa a takarda kafin a buɗe baki. Idan Alhaji ya riga ya ce yaron nan ya kwanta masa a rai, wa ke da bakin cewa a'a? Sauran sai gyaɗa kai, kwamitin mutum huɗu ya koma na mutum ɗaya.

Jihar nan ta ɗanɗana kuɗar ɗaukar mutane ba tare da an ga aikinsu ba. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, ta sallame su duk da yajin aiki da zanga-zangar ƙungiyar malamai. A 2022 aka sake sallamar wasu 2,357 bayan wata jarrabawar. Har yau ana jayayya a kan adalcin abin, kuma ni kaina ban yarda jarrabawar takarda ita kaɗai tana nuna wanda ya iya riƙe aji mai yara 80 ba. Amma tambayar da aka fi tsallakewa ita ce ta yaya suka shiga tun farko. Da an tsayar da kowannensu a gaban allo ranar ɗauka, da ba a kai ga raba dubban magidanta da abincinsu rana ɗaya ba.

Batun Turanci yana buƙatar gaskiya ta fuska biyu. Akwai aikin da ba ya yiwuwa sai da shi, kamar rubuta rahoto ga ƙungiyar da ke ba da tallafi ko koyar da darasin da za a yi jarrabawarsa da Turanci. A irin wannan a gwada shi sosai, a rubuce da kuma a baki. Amma aikin da kashi tara cikin goma na masu zuwa wajenka Hausa za su yi maka, me ya sa za a kayar da mutum don harshensa ya sarƙe a kan nahawun wani yare? Ɗaya fuskar kuma ba ta da daɗin ji. Yaranmu da yawa masu kwalin digiri ba za su iya rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya ba tare da kuskure ba, da Turancin da Hausar duka. Wannan ba wariya ba ce, rauni ne, kuma ba mai gyara shi sai mai shi. Waya tana hannunsa dare da rana. Abin da zai karanta ya gyara rubutunsa yana cikinta.

Sai maganar hanya, wadda kowa ke tsine wa da rana ya nema da dare. Ni ba na cikin masu cewa a daina sanayya gaba ɗaya, domin babu ƙasar da aka daina. Wani masanin zamantakewa, Mark Granovetter, ya bincika yadda ma'aikata a wani gari kusa da Boston suka sami ayyukansu, ya wallafa a farkon shekarun 1970 cewa mafi yawa ta bakin mutane suka ji labari, kuma galibi ba aminai ba, mutanen da ake gaisawa sama-sama. Dalilin a fili yake: amininka abin da ka sani shi ya sani, wanda ke nesa da da'irarka shi ke jin abin da ba ka ji ba. Saboda haka yaron da ke zuwa ɗaurin aure da taron tsofaffin ɗalibai, yake gaida malamansa bayan ya gama, yake sanar da mutane abin da ya iya, ba maula yake yi ba.

Inda muka ɓata abin shi ne mun haɗa shaida da alfarma a tukunya ɗaya. A kasuwar Sabon Gari, idan dattijo ya kawo yaro shago ya ce na tsaya masa, ya ɗora mutuncinsa ne a kai. Yaron ya yi ɓarna, shi za a nema, shi zai ji kunya, wani lokaci shi zai biya. Mai rubuta 'yar takarda a yau, ko mai bugo waya ya ce "yaron wajena ne, a duba shi," bai ɗora komai ba. Sau da yawa bai ma san me yaron ya karanta ba. Uwarsa ce ta je ta yi kuka a zaure. Abin da nake ganin ya dace shi ne shaida ta kai mutum bakin ƙofa, gwaji ya shigar da shi. Mai wuri kuma ya koyi amsar da ba ta zubar da girman kowa: "Baba, an gode, a turo shi ranar Asabar, zai zauna gwaji tare da sauran." Dattijon kirki ba zai ji haushin wannan ba. Wanda ya ji haushi, dama ba shaida ya kawo ba.

Ga matasa kuma. Tunda masu ɗauka ba za su sauya gobe da safe ba, dole ku shiga ɗakin yadda yake. Ba na ce ku zubar da kunya ba, kuma ba sai kun yabi kanku ba. Ku ba da labarin aiki kawai. "Ni haziƙi ne mai ƙwazo" yabon kai ne, kuma duk wanda ya shigo kafin kai ya faɗa. "Lokacin bautar ƙasa an ba ni aji uku na lissafi, na tarar ba su iya raba lamba ba, na riƙa tsayawa da su bayan tashi, zango na biyu fiye da rabinsu suka ci" ba yabo ba ne, bayani ne, ana iya buga waya a tabbatar. Ka tanadi irin wannan guda uku ko huɗu daga rayuwarka ta gaske: kuɗin ƙungiyar ɗalibai da ka riƙe ba a nemi ko kwabo an rasa ba, gonar gidanku da ka lissafa abin da ta ci da abin da ta bayar, Islamiyyar da ka koyar kyauta. Yaranmu na raina waɗannan don ba a ofis aka yi su ba, alhali su ne ainihin abin da mai hankali ke son ji. Ka maimaita su da baki a gaban yayanka ko abokinka har harshenka ya saba. Ka kuma san wurin da za ka: me suke sayarwa, su wa ke saye, me ke damunsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Takardar bayanan kai, wadda ake ce wa CV, ita ma ta zama abin tausayi. Mai shagon buga takardu yana da guda ɗaya a kwamfutarsa, suna kawai yake sauyawa, shi ya sa za ka ga mutum 30 duk sha'awarsu karatu da tafiye-tafiye. Yanzu kuma an koma sa manhajojin ƙirƙirarriyar basira su rubuta, sai takarda ta zo da Turancin da mai ita ba zai iya karanta shi da ƙarfi ba. Amfani da manhajar ba laifi ba ne, ta gyara maka kuskure, ta yi maka tambayoyin gwaji. Amma duk layin da ba za ka iya kare shi da bakinka ba, cire shi. Shafi ɗaya ko biyu ya isa. Lambar wayar da ka sa ta zama mai shiga, adireshin imel ya zama sunanka, ba laƙabin da abokai ke kiranka da shi a dandali ba. Manyan kamfanoni kuma sukan sa na'ura ta tace takardu kafin idon mutum ya gan su, don haka kalmomin da suka yi amfani da su a tallar aikin, in da gaske ka iya abin, su fito a takardarka. Na'urar ba waliyyiya ba ce. A 2018 aka bayyana cewa Amazon ta yi watsi da wata manhajar tace masu neman aiki bayan ta gano tana danne mata, saboda daga takardun waɗanda aka saba ɗauka ta koya, mafi yawansu kuma maza ne. In an ce ganawar ta Zoom ce ko ta bidiyon WhatsApp, ka san halin wutarmu da sabis ɗinmu: cika caji tun dare, nemi ɗakin da yara ba za su shigo ba, gwada layi biyu.

Akwai wani zalunci da aka mayar ruwan dare, wato iyakance shekaru. Banki ya ce kada mai nema ya wuce 26 ko 27. Yaron da ya shiga jami'ar gwamnati ya ci yajin aikin ASUU na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, ga zaman jiran gurbin karatu, ga jiran kiran bautar ƙasa. Laifin wa? Sharaɗin yana tace 'ya'yan masu hali da suka yi jami'o'in kuɗi ne kawai, sauran kuma yana tura su kotu rantsuwar rage shekaru, wato mu fara koya wa ma'aikaci ƙarya tun kafin ya kama aiki. Majalisar Dattawa ta yi kira a 2023 da a sassauta wannan sharaɗi, amma kira ne, tallace-tallacen ba su sauya ba. Ƙananan masu ɗaukar aiki na garin nan, aƙalla ku kada ku kwaikwayi wannan.

In an zo maganar albashi, yaranmu kan ce "duk abin da kuka ba ni, Yallaɓai." Ladabi ne, amma ladabin da ke haifar da guna-guni bayan wata biyu. Ka lissafa kuɗin motarka na wata tun daga gida, ka san abin da ake biya a irin wurin, ka faɗi adadi cikin girmamawa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, alawus ɗin masu bautar ƙasa ya koma 77,000 a 2025, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma a nan mafi yawan ayyukan Zariya suke. Shi ya sa za ka ga wanda ya gama bautar ƙasa ya kama koyarwa a kan abin da bai kai alawus ɗinsa na jiya ba. Mai biyan irin wannan albashi ba shi da bakin kukan rashin ƙwararru. Duk yadda aka daidaita kuma, a rubuta. Dokar ƙwadago ta wajabta wa mai ɗauka ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, mu kuwa sai mu ce ai ana tare, rubutu rashin yarda ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani umarni ce da a rubuta bashi, kuma albashin da aka yi wa aiki ba a biya ba bashi ne.

Na san za a ce gwajin aiki ma ana cutar mutane da shi, kuma haka ne. Akwai masu cewa "zo ka yi mana zango ɗaya mu gani," ba ko kuɗin mota, zango ya ƙare su kawo wani. Wannan ba gwaji ba ne, cin gumi ne. Gwaji awa ɗaya ne ko biyu; abin da ya wuce yini, a biya. Haka nan kiran mutum 100 a kan gurbi biyu, a shanya su a rana daga safe har la'asar, wasu sun taso daga Ikara ko Kubau da kuɗin aro tun bayan da cire tallafin mai a 2023 ya ninka kuɗin mota, sannan a ce "za mu neme ku" a yi shiru har abada. Tace takardu tukuna, kira goma, ba kowa lokacinsa. Wanda bai samu ba a tura masa saƙon waya na layi biyu, ya san inda dare ya yi masa ya nemi wani wurin.

Za kuma a ce duk wannan ba zai ƙara gurbi ko ɗaya ba. Gaskiya ne. Masaƙun Kakuri da suka rufe da harkar jirgin ƙasa da ta durƙushe a Zariya ba gyaran intabiyu ne zai dawo da su ba. Amma makarantar da ta dace da malamin kirki ɗalibanta ƙaruwa suke yi har ta buƙaci na biyu, wadda ta ɗauki ɗan alfarma kuwa iyaye ke kwashe yaransu.

Akwai dama guda da ɗalibai ke wasa da ita alhali ta fi kowace ganawa tsawo. Tun shekarun 1970 Asusun Horar da Ma'aikata na ITF ya shigo da shirin SIWES, wanda ke tura ɗaliban kimiyya da fasaha da noma wuraren aiki na wasu watanni kafin su gama. Da yawa sun mayar da shi hutu: a nemi inda kawu yake, a leƙa sau ɗaya a mako, a kai littafi a buga hatimi. Haka ake yi wa shekarar bautar ƙasa, a daidaita da shugaban wuri a riƙa zuwa ranar tantancewa kaɗai. Wanda ya yi wata shida yana zuwa ɗakin gwaji ko gona ko gareji a kan lokaci, ana ba shi aiki yana gamawa, ya fita da mutum aƙalla ɗaya da zai ɗaga waya ya ce na ga aikinsa da idona. Sassan jami'a da na kwalejoji su ma su riƙa bin ɗalibansu wuraren nan ba tare da sanarwa ba, kuma a zangon ƙarshe su gayyato masu makarantu da manajojin kamfanonin garin nan su yi wa 'yan aji ganawar gwaji, a gaya wa kowa inda ya yi rauni tun yana da sauran watannin gyarawa.